Digirin Mata Goma Sha Biyu

Ƙanena Abdulilah, wanda duk unguwarmu ta Utaibiyya ke kira Abudi, shi kaɗai na sani a garin Makka da ya yi digiri amma digirin ba nasa ba ne. Sunansa ne dai a jikin takardar, shi ne kuma ya yi shekara huɗu yana ƙura wa littafi ido har ya koma sa tabarau. Amma mata goma sha biyu ne suka biya. Ni, yayarsa Ghada, ni ce ta bakwai a cikinsu, kuma babu wadda ta taɓa bari ya manta.

A nan aka haife mu, a nan aka haifi Umma. Kakanmu ne ya taso daga Kano ya zo aikin hajji, wuri ya yi masa, ya zauna. Iƙama gare mu, wato takardar zama da muke sabuntawa, ba mu da ta 'yan ƙasa. Abudi tun yana ƙarami ba ya wuce rubutun Turanci bai karanta ba, ko da na jikin gwangwanin madara ne. A aike shi sayen burodi, sai a same shi tsaye a ƙofar shago yana karanta kwali. Da ya gama sakandare ya nemi gurbin jami'a a nan bai samu ba, sai wata jami'a a Malesiya ta ɗauke shi, fannin adabin Turanci. Kuɗin shekara huɗu, da na makaranta da abinci da jirgi, riyal dubu saba'in da biyu. Babanmu ya rasu tun muna yara, Umma kuwa ɗinki take yi. Ranar da takardar ta zo muka yi ta murna har muka kai shafin da aka rubuta kuɗin, daga nan kowa ya kama gabansa.

Jam'iyya ce ta fitar da mu. Abin da mutanen gida ke kira adashi ke nan. Mu goma sha biyu ne, kowacce tana zuba ɗari biyar a wata, mai kwasa ta kwashi dubu shida. Umma ce uwar jam'iyya, ni ke riƙe da littafi saboda rubutuna ya fi nata karantuwa. Muna da wata al'ada: in babbar lalura ta taso wa ɗaya, wata tana iya bar mata kwasarta rance, ba ƙarin ko kwabo. An saba yi don asibiti ko sabunta iƙama. Wannan karon sai duka goma sha biyun suka yarda, mata uku a kowace shekara, har shekara huɗu. Hajja Saudatu maƙwabciyarmu ta haƙura da sabon mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ta ƙara shekara guda tana barci da fanka a zafin Makka. Ni na haƙura da awarwaron da na yi shekara biyu ina leƙawa a kasuwar zinariya.

Laifinmu ɗaya ne, ba wadda ta tambaya me zai karanto takamaimai. An ce Turanci, shi ke nan. Kowacce ta riga ta hango shi manaja a ɗaya daga cikin dogayen otal ɗin nan na kusa da Harami, da farar taguwa mai guga da mota mai sanyi. Da ya dawo da akwati biyu muka taru a falon Umma muna jiran tsaraba. Aka buɗe, littattafai ne zalla. Ya zauna ya yi mana bayani tiryan-tiryan cewa labarai ya karanta da waƙoƙi da wasannin kwaikwayo, da kuma abin da marubutan suke nufi. Hajja Saudatu ta ajiye kofin shayi.

“Ya walad, tsaya in gane. Wato tatsuniya muka tura ka ka karanto?”

“Ba tatsuniya ba ce, Hajja. Adabi ne.”

“Akwai mutanen da ba a taɓa haifa ba a ciki?”

“Akwai.”

“To tatsuniya ce. Ni ma na iya, kuma kyauta nake yi.”

Otal ɗin dai ya samu, amma ba dogo ba, kuma ba kujerar manaja ba. Teburin karɓar baƙi ne, albashi dubu uku da ɗari biyu. Daga duk abin da ya kwaso a shekara huɗu, abin da yake amfani da shi a wuni bai wuce ya gaya wa baƙo karin kumallo ƙarfe shida ne, lif kuma yana hannun hagu. Ya yanke dubu ɗaya duk wata ta biyan bashi. A ƙa'idarmu ba a turo kuɗin rance ta waya. Mai bashi da ƙafarsa zai je gidan mai kuɗi, ya miƙa hannu da hannu a gaban shaidu biyu, ya sha shayi. Ranar da ya cika, mai kuɗi ta ce ta karɓa ba ta bin sa komai, sannan in ja layi a kan sunanta a littafi.

Matan kuwa suka mayar da shi kayan jam'iyya. Wannan ta kawo takardar magani ya karanta, waccan ya rubuta wa jikanta da ke ƙasar waje saƙo, wata ya duba mata me ya sa injin wanki yake kuka. In ya ce bai karanci injin wanki ba, sai a ce ai da Turanci aka rubuta maɓallan. Bai taɓa ɗaga murya ba. Ni da nake da saurin hawa, wani lokaci haƙurinsa har haushi yake ba ni.

Ɗaya ce a cikinsu ba ta taɓa kawo masa takarda ba, Inna Rumasa'u. 'Yar Sakkwato ce, ta zo hajji da mijinta shekara arba'in da shida da suka wuce, suka zauna ba takarda. Mijin ya rasu, Allah bai ba su haihuwa ba. Ɗakinta yana saman wani tsohon bene, matakala hamsin da huɗu, na ƙirga da gwiwoyina. Sana'arta haɗa yajin ƙuli-ƙuli, tana sayar wa masu siriya, wato tsire, kamar yadda ake kiransa a nan. Ita ta fara barin kwasarta, amma da aka zo tsara biya ta ce a sa ta ƙarshe. Sharaɗi ɗaya ta kafa.

“Dut Juma'a bayan la'asar ya zo in ga huska tai. Mai bashi in ba a ganin shi, gudu yaka yi.”

Muka yi dariya, Abudi ya ce ya yarda. Juma'ar farko ya je ya gaishe ta, zance ya ƙare. Sai ta ce tunda da kuɗinta aka karanto tatsuniyar, a ba ta rabonta. Ya fara ba ta labarin wani littafi da Hausa, da 'yar Hausarsa ta 'yan Makka mai facin Larabci, tana gyara masa. Abin da aka fara da wasa ya zama shekara shida. Ko shekarar korona da otal ya rufe, biya ya tsaya cak, yakan tsaya a bakin ƙofa daga nesa ya ɗaga murya. Na taɓa kai mata abinci na same su a tsakiyar labarin wasu 'yan'uwa biyu da suka yi shekara talatin ba sa magana a kan gonar dankali. Inna ta dafa ƙirji tana cewa ashe Turawa ma suna rigimar gado. Ta yanke hukunci cewa ƙanin ne mai gaskiya, da Abudi ya ce marubucin bai nuna haka ba, ta ce ai marubucin bai san mutane ba.

Ana cikin haka ya ga Nuha, 'yar Ammi Yunus, wato Baffa Yunus, mai siriya, wanda rumfarsa ta fi kowacce layi a unguwarmu. Yarinya ce mai kunya a fuska da taurin kai a ciki, tana aiki a wani asibitin haƙori, Hausarta kuwa sai a hankali. Uban mutum ne mai lissafi. Da Abudi ya je gaishe shi, sai ya yagi takardar naɗe nama, ya zaro biro daga bayan kunne.

“Tayyib. Ratib ɗinka nawa a wata?”

“Dubu uku da ɗari biyu, ya Ammi.”

“Karatun ya ci nawa?”

Ya faɗa masa. Ammi Yunus ya yi 'yan rubuce-rubuce ya ce a riyal talatin farantin siriya, takardar digirin nan faranti dubu biyu da ɗari huɗu ce. Sannan ya nuna Talal, abokin karatun Abudi a sakandare, wanda ke juya nama a bakin wuta tun ranar da suka gama makaranta. Ya ce Talal dubu biyar yake ɗauka, ban da azumi da hajji. A shekara huɗun da Abudi ya yi yana karanta mutanen da ba a haifa ba, Talal ya tara kusan dubu ɗari biyu, yana da mota da mata da 'ya'ya biyu.

“Yaushe za ka kamo shi, ya waladi?”

“Ba zan kamo shi ba, ya Ammi.”

Wannan amsar ce ta cece shi, don Ammi Yunus ya tsani mai cika baki. Har ya ba shi dama ya gwada bakin wuta. Kwana uku Abudi ya yi, ya ƙona nama na kusan ɗari huɗu, saboda hankalinsa yana kan hirar masu jira a layi. Aka sallame shi da mutunci, aka ce ya koma teburinsa. Zancen aure kuwa Ammi Yunus ya ce ya amince, amma ba ya ba mai bashi 'ya. Mahaifinsa ya mutu da bashi, shi ya yi shekara goma yana biya, ya kuma rantse ba za a kai 'yarsa ɗakin da ake ƙwanƙwasa ƙofa ana sallama da mai gida ba. Nuha ta jira shekara uku. A ta ukun uban ya ce haƙurinsa ya kai goma ga Muharram, in ranar ta zo da sauran suna a littafin Ghada, zai saurari wasu masu nema.

Lokacin an ja layi a kan goma sha ɗaya, har da ni, har da Umma da ta karɓi nata cif ba ta rage masa ko riyal ba. Saura Inna Rumasa'u. Da hajji ya zo Abudi ya ɗauki hutu a otal ya yi wa wani kamfanin alhazai tafinta a Mina, kwana biyar cikin tantuna yana raba faɗan katifa da neman tsofaffin da suka ɓata. Ya dawo baƙi ƙirin, murya a dashe, da dubu bakwai a aljihu. Juma'ar da ta biyo muka hau bene, shi da ambulan, ni da littafi, Hajja Saudatu tana haki a baya a matsayin shaida ta biyu. Ya durƙusa ya ajiye ambulan a gaban Inna.

“Wanga hwa mi na na?”

“Kuɗinki ne, Inna. Dubu shida, sun cika.”

Ko kallon ambulan ba ta yi ba. Ta ce ƙofarta ba ta da makullin kirki, ɓarayi sun yi yawa bayan hajji, ya riƙe tukuna. Mako na biyu muka zo da sabon kwaɗo, ta ce hannunta da lalle, ba ta taɓa kuɗi. Mako na uku ta ce takardun kuɗin sun cika sabunta, ba ta yarda da su ba. Abudi ya mayar da ambulan aljihu, ya zauna ya ci gaba da labari kamar ba abin da ya faru. Ni kuwa na sauko ina huci, don saura Juma'a ɗaya tak wa'adin ya cika.

Washegari da hantsi na hau ni kaɗai. Na same ta tana tankaɗen yaji, ta ɗaure hanci da tsumma. Ban ko gama gaisuwa ba na sauke mata abin da ke cikina. Na ce yaron nan shekara shida bai taɓa saɓa mata ba, yanzu ita ce za ta kashe masa aure a kan lalle da kwaɗo? Ta bar ni na gama tas, sannan ta kwance tsumman.

“Ghada, mata nawa anka biya?”

“Goma sha ɗaya.”

“Gidan wacce yaka zuwa yanzu?”

Gidan Hajja Saudatu rabonsa da shi tun da aka ja mata layi. Gidana ma, ni yayarsa, sai da Sallah.

“Ba laihi nai ba ne,” ta ce. “Yaron kirki ne. Amma matakala hamsin da huɗu, ɗiyata, bashi ɗai ka hawo da mutum. Masu sayen yaji daga ƙasa suka kira, in zura musu da igiya. Shekara arba'in da shida ina garin ga, na ji ana cewa za mu riƙa leƙo ki har na gaji da ji.”

Na ce wallahi zai ci gaba da zuwa. Ta ce kar in rantse a kan ƙafar wani. Kunya ta rufe ni, don ni kaina a shekarar nan sau huɗu na hau benen, uku da littafi, ɗaya da faɗa. Na zauna na taya ta tankaɗe muna ta atishawa, hawayena ya samu abin fakewa. Da zan tafi ta ce Juma'a a zo mata da yarinyar ta gan ta, uban ma ya zo, tunda shi ne mai son ganin an ja layi.

Na gaya wa Abudi yadda muka yi. Ya ce shi fa ba zai tilasta mata ba, ko da auren zai tafi. Na ce masa wannan irin maganar a littafi take da daɗi, ya tashi ya je ya sanar da surukinsa.

Ranar Juma'a muka hau mu biyar. Ammi Yunus, da ya yi shekara talatin yana sayen yajinta bai taɓa ganin ɗakinta ba, sai da ya huta sau uku a hanya. Inna ta sa Nuha ta zauna kusa da ita, ta kama hannunta tana juyawa, ta tambaye ta ko ta iya tuwo. Nuha ta ce, “Na iya shuwayya, Inna, kaɗan.” Inna ta ce tuwon da Hausar duka za a gyara. Sannan ta miƙa wa Abudi hannu. Ya sa mata ambulan, ta ba Hajja Saudatu ta ƙirga, ta ɗaga murya ta ce ta karɓa, ba ta bin Abdulilah komai duniya da lahira. Na ja layi. Ammi Yunus ya leƙo littafin ya ce, “Halas, alhamdu lillahi,” ya fara laluben takalmi.

Inna ta ce ya dakata. Ta ɗora ambulan a cinyar Nuha.

“Na ranta miki, ki ƙara a kayan ɗaki. Biya riyal ashirin da biyar dut Juma'a, hannu da hannu, nan ɗakin. Amarya kuwa ba ta hawan benen ga ita ɗai, mijinta ya rako ta.”

Ammi Yunus ya saki takalmin. “Inna, wannan ai wayo ne!”

“Kai kac ce ba ka ba mai bashi ɗiya. Ga shi nan, ba a bin shi. Ɗiyarka ce nika bi, in ta yarda.”

“To ni zan biya mata, yanzu-yanzu.”

“Ka biya, ka nemi mai yi maka yaji.”

Ya dubi Abudi, Abudi ya sunkuyar da kai. Ya dube ni, na ƙura wa littafi ido. Nuha ba ta dubi kowa ba. Ta ɗauki ambulan da hannu biyu ta ce, “Na karɓa, Inna. Kulli Juma'a.” Leɓɓan uban suka fara motsi, na san lissafi yake yi. Can ya ce Juma'a ɗari biyu da arba'in ke nan, shekara huɗu da wata bakwai da ɗoriya. Da ya faɗi adadin sai ya dubi tsohuwar, wadda ta haura tamanin.

“Na san lissahin, Yunusa,” ta ce. “Ghada, rubuta. In ban kai ba, na yahe abin da ya rage.”

Na rubuta, rubutun da ake yabo ya karkace.

An ɗaura aure a watan Safar. Albashin Abudi ya ƙaru da ɗari uku, har yanzu Talal ya fi shi, kuma Ammi Yunus yana tuna masa duk ranar da aka ci abinci tare. In 'yan mata da samarin unguwa suka tambaye ni ko karatun adabi yana mayar da kuɗinsa, nakan gaya musu gaskiya cewa a lissafin riyal bai mayar ba, su sake tunani kafin su ci bashi. Ni dai nawa aikin riƙe littafi ne, kuma yanzu nakan bi Nuha da Abudi in hau benen don in rubuta da idona. Jiya na rubuta Juma'a ta talatin da ɗaya. Saura ɗari biyu da tara, kuma kullum addu'ata Allah ya sa Nuha ta biya su duka da hannunta, kar a yafe mata ko riyal ɗaya.